Gidan abincin Kaka a Pune: ka je ranar da suke azumi

Yunwa ce ta fara kai ni wannan shagon. Na fito daga aji wajen ƙarfe ɗaya na rana, a wata na biyu da zuwana birnin Pune na ƙasar Indiya karatun haɗa magunguna, na shiga wani lungu a bayan masaukinmu, sai ga ɗan gidan abinci mai tebur shida da fanka ɗaya a sama. Na nemi shinkafa da miyar wake. Dattijon da ke zaune a bakin akwatin kuɗi ya kaɗa kai, ya ce yau babu shinkafa, yau Ekadashi, azumi ake yi. Na juya na dubi mutane, kowa baki cike, faranti kuwa har yana neman zuba. Na ce a raina, wannan wane irin azumi ne kuma?

Yanzu shekara uku ke nan ina cin abinci a wurin, kuma abin da zan gaya wa duk ɗan'uwan da karatu ko jinya ta kawo shi wannan gari shi ne, ranar azumin mabiya addinin Hindu ce ranar zuwa. Sauran ranaku girkinsu ba yabo ba fallasa. Amma ran Ekadashi matar gidan da kanta take shiga kicin, kuma a loma ta farko za ka gane.

Dattijon kowa na ce masa Kaka. Da na fara ji sai na yi dariya, don a wurinmu kaka sai mahaifin uba ko na uwa. A harshen Marathi kuwa, yaren mutanen garin, baffa ake nufi. Matarsa ana ce mata Mavshi, wato inna. Haka nake kiransu har yau.

Kaka ne ya zaunar da ni gaban kalandar da ke rataye a bangon shagon ya nuna mini yadda lissafin yake. Watansu na sama ne kamar namu, amma sun raba shi gida biyu: rabin da farin wata ke ƙaruwa da rabin da yake raguwa. Rana ta goma sha ɗaya a kowane rabi ita ce Ekadashi, ma'anar kalmar ke nan ma. Ka ga sau biyu a wata, 24 a shekara. Kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda don kalandar ta daidaita da damina da rani, kamar yadda aka yi a 2023, a irin wannan shekara sai su zama 26. Shi ya sa azuminsu ba ya zagaya shekara irin yadda watan Ramadan ke yi mana. Ranar kuma ta masu bautar Vishnu ce, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Kalmar da suke amfani da ita, upvas, asalinta zama kusa take nufi, wato mutum ya rage hidimar ciki ya matsa kusa da abin bautarsa. Akwai wanda ba ya cin komai, akwai mai 'ya'yan itace da madara kawai, amma yawancin mutane hatsi suke bari: babu shinkafa, babu alkama, babu wake, babu albasa da tafarnuwa, gishirin ma na dutse ne. Washegari bayan fitowar rana ake warwarewa.

To me ya rage? Abin mamaki, kayan gonarmu ne. Rogo, gyaɗa, dankalin Hausa, dankalin Turawa, nono.

Sabudana khichdi shi ne sarkin faranti. Ƙananan ƙwayoyi ne farare da ake yi da sitacin rogo, a jiƙa su tun dare, a soya da man shanu, dakakkiyar gyaɗa, ɗanyen barkono da dankalin Turawa, a matsa lemun tsami a kai. Na ci shi a wurare da dama, sau tari sai ka tarar ya cure ya zama kamar danƙo. Na Mavshi warawara yake, kowace ƙwaya ita kaɗai, kamar dambun da gwana ta turara. Gyaɗar kuma ba a yi mata rowa ba. Ƙamshinta ya tuna mini da layin masu ƙuli-ƙuli a Dawanau. Na taɓa tambayarta sirrin, ta ce ruwan jiƙo kada ya wuce saman ƙwayoyin, shi ke nan. Na gwada a ɗaki sau biyu, duka biyun na zubar.

Da wannan haɗin ake yin vada, a mulmula a jefa a mai. In an tsamo shi da zafi, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi, ba ka son ya ƙare. In ya kwashe minti ashirin a tire kuwa, sai mai ya kwanta masa, ya yi nauyi. Ka tsaya a soya maka sabo, ko da za ka jira.

Wanda ya fi kwanta mini a rai dai shi ne varai da miyar gyaɗa. Varai ɗan ƙaramin iri ne da ba sa lissafa shi cikin hatsin da aka hana, in an dafa shi sai ka rantse acca ce. Miyar ta fi tamu ruwa-ruwa, ana sa mata wani busasshen ɗan itace mai tsami da ake kira kokum, aikin da tsamiya ko yakuwa ke yi mana. Ranar da kewar gida ta dame ni, wannan nake ci. Akwai kuma gurasar rajgira, wadda sai daga baya na gano garin 'ya'yan alayyafo ne. Mu ganyen muke ci, su ga abin da suka yi da irin.

Mutanen Maharashtra, jihar da Pune take ciki, da kansu suna yi wa kansu ba'a, suna cewa ran Ekadashi ninki biyu ake ci. Wanda ya ga farantin Mavshi ba zai musa ba.

Ba duk ranakun azumi ne ɗaya ba, kuma ya kamata ka san wannan kafin ka taso. Ran Sankashti, kwana huɗu bayan cikar wata, masu yi wa abin bautarsu Ganesha azumi ba sa warwarewa sai wata ya fito da dare, Kaka ma yakan rubuta lokacin fitowarsa a allon ƙofa. In ranar ta faɗo Talata, cunkoson ya ninka. Litinin-Litinin na watan Shravan, a tsakiyar damina, na wani abin bautar ne, Shiva, haka ma Mahashivratri wajen Fabrairu ko Maris. Navratri kwana tara ne a jere wajen Satumba ko Oktoba, kuma gaskiya zuwa kwana na shida girkin yakan nuna gajiya.

Babbar ranar dai ita ce Ashadhi Ekadashi, a Yuni ko Yuli. Kafin ta zo, ayarin masu ziyarar ibada a ƙafa daga garuruwan Alandi da Dehu sukan ratsa ta cikin Pune a kan hanyarsu ta zuwa Pandharpur, tafiyar kusan mako uku, suna waƙe-waƙe da tutoci ruwan goro. A aƙidarsu daga wannan rana Vishnu ke kwanciya barci na wata huɗu, sai Ekadashi na watan Kartik yake farkawa, kuma a tsakanin nan ana jingine ɗaurin aure. A 2023 ranar ta haɗu da Babbar Sallah a Indiya, 29 ga Yuni, har a wasu garuruwan jihar Musulmi suka ɗage yanka zuwa washegari don mutunta maƙwabta. In ka je shagon a irin wannan rana bayan sha ɗaya da rabi, tukunya za ka tarar ana kankarewa.

Ga Musulmi, tambaya biyu ce ke zuwa rai. Ta farko mai sauƙi ce: nama bai taɓa shiga kicin ɗin ba, balle giya. Ta biyu ita ce abincin da suke ajiyewa gaban gumakan da ke kusurwar shagon. Na tambayi Kaka kai tsaye, ya ce wannan a ɗan faranti daban ake ɗiba. Sau ɗaya ya miƙo mini, na ba shi haƙuri, bai sake ba, kuma fuskarsa ba ta canza mini ba. Da Ramadan ya zo ya ga ko ruwa ba na sha, sai ya riƙe baki. Su ma suna da irinsa, Nirjala Ekadashi, a tsananin zafin Mayu ko Yuni, amma sau ɗaya a shekara. Tun daga nan in na je sayen abin buɗa baki sai ya ce wa yaran shago, ku fara sallamar mai Nirjala talatin.

Inda suka gaza kuwa, sukari. Suna zuba shi a nonon da ake haɗawa da vada har ya kashe tsamin, don haka ka ce kada a sa tun da wuri. Wurin ya yi ƙunci, fanka ɗaya ba ta isa a watan Afrilu, kuma za ka ci ne wani na tsaye a kanka yana jiran kujera. Sannan a matsayina na ɗalibin magani, duk wanda ya kawo mai ciwon sukari jinya kada kalmar azumi ta ruɗe shi: sitacin rogo ne da dankali da mai. Ni kaina in na ci khichdi da rana, darasin ƙarfe biyu sai dai a ba ni labari.

Farantin khichdi da kofin nono tsala bai taɓa kai mini rufi ɗari na kuɗin Indiya ba. Ana karɓar kuɗi ta waya. Ranar Ekadashi kuma ka duba kalanda da kyau, don wani lokaci takan nuna biyu a jere, wasu mabiyan su yi azumi yau, wasu gobe. Gidan Kaka ta biyun suke bi.