Wata uku da Hohner Special 20: leɓɓana sun huta

Harmonika ƙaramin kayan kiɗa ne da ake sa wa a baki, ana hura iska ko a zuƙe ta ta ƙananan ƙofofinta. Wadda na fara koyo da ita mai jikin katako ce, irin mai ƙofa 10. Ban cika sati biyu da ita ba gefen bakina ya tsage. Katakon yana shan yawu ya kumbura, sai bakinsa ya ɗan leƙo waje, duk sanda na ja ta daga ƙofa ta 4 zuwa ta 6 sai ya kankare min leɓe. Har kurɓar abu mai zafi ya zame min aiki.

Shi ya sa na koma Special 20 ta kamfanin Hohner na Jamus, mai sautin C. Tsakiyarta roba ce, ba ta kumbura, kuma farantan tagullar da ke ɗauke da harsunan sauti guda 20 (siraran ƙarafan da iska ke kaɗawa su ba da sauti) an nutsar da su cikin robar, leɓe ba ya gogar gefensu. Tun ranar farko na ji bambanci.

Amma maganar gaskiya, rabin ciwon nan ni na jawo wa kaina. Tsuke baki nake yi kamar mai fito, in ɗora ta a busasshen gefen leɓe, in danna da ƙarfi don in samu sauti ɗaya tak. Kafin minti goma muƙamuƙina ya ƙage. Sai da na saki leɓɓan, na tura ta ciki sosai ta kwanta a kan damshin cikin leɓe, na ɗan ɗaga bayanta sama, sannan ta fara sulɓi da kanta, sautin ma ya ƙara kauri.

Zuƙar ƙofa ta 2 kuwa ta ba ni wuya ƙwarai. Sautin yana fitowa a shaƙe, har na ɗauka harshen ne ya lalace, ashe tsotsa nake yi. Numfashi ake ja a hankali daga ciki, maƙogwaro a buɗe kamar mai hamma. Da na gane haka, ƙofar ta buɗe tangaram.

Mai gashin baki ya rage shi kaɗan, don kowace harmonika murfinta na iya cafke shi, kuma zafin ba wasa ba ne. Yanzu nakan kurkure baki kafin in fara, in yi minti 15 in huta, in na gama in bubbuga ta a tafin hannu yawun ya fita, in bar ta ta sha iska kafin ta koma akwatinta.