Gargaɗi: Mai sayar da motar-gida da ubansa ke rasuwa duk wata

Assalamu alaikum. Na jima ina ɓoye wannan labari saboda kunya, har sai da maiɗakina ta ce mini shirun da nake yi taimakon ɓarawo ne. Shekaranjiya kuma na sake cin karo da tallarsa, da wata motar daban, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk ɗan'uwan da ke zaune a arewacin Ingila, daga Mancesta zuwa Lids da kewaye, yake da niyyar sayen motar-gida ta hannu, irin wadda ake kwana a cikinta, mai gado da kicin da banɗaki, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ni direban tasi ne. A 2009 na ci jarrabawar tuƙi a ƙasar nan, kuma rabin rayuwata a bayan sitiyari take, don haka na ɗauka babu mai cuta ta a harkar mota. Muna da wata 'yar ƙaramar bas da aka mayar ta kwana, da ita muke zuwa hutu: mu dafa namu abincin na halal, mu yi sallarmu, ba ruwanmu da kuɗin otal. Da yara suka zama huɗu sai ta yi mana kaɗan, muka fara neman babba.

Tallar farko da na bi ba ta ma kai ga ganin mota ba. Mutumin ya ce yana aiki a teku, in tura kafin alƙalami wani kamfani ya kawo mini ita har ƙofar gida. Wannan tsohuwar zamba ce, na yi dariya na share shi. Tsallake wancan ramin ne ya sa na ƙara jin kaina, na shiga na biyu ido buɗe.

Motar talla ta biyun ta 2008 ce, an gina ta a kan Fiat Ducato kamar yawancin irinta a Turai, tsawonta ya haura mita 7, wurin kwanan mutum shida, da gado a saman kan direba. Mil 41,000 agogonta ya nuna. Kuɗi fam 19,500, na taya aka bar mini a 18,000. Mai ita ya ce ta mahaifinsa ce, ya rasu a farkon shekara, mahaifiyarsa ba ta son ganinta don tana tuna mata da shi. Mu kuwa kun san mu da maganar mamaci. Har ta'aziyya na yi masa.

Ba a gida muka haɗu ba, a wani filin ajiye motoci ne a bayan gari, wai a nan tsohon yake ajiye ta. Na tarar injin da ɗuminsa, an kunna na'urar ɗumama ɗaki, tagogi a buɗe, ko'ina ƙamshin turaren mota har yana hawa kai. Tayoyi baƙi wuluk suna sheƙi. Duk waɗannan na gan su da idona, na fassara su da cewa mutumin mai tsafta ne.

Tambayar farko da na yi masa ita ce ta nauyi, domin lasin ɗina na ƙaramar mota ne, rukunin B, wanda iyakarsa kilo 3,500 har da kaya da mutane. Waɗanda suka ci jarrabawa kafin 1 ga Janairu 1997 su ne aka ba C1 kyauta, suna iya jan har kilo 7,500. Mu 'yan baya sai mun je likita ya cike mana takardar D4, mun sake jarrabawa. Ya ɗaga bonet ya nuna mini ɗan ƙarfen da aka buga lambobi a kai: 3,500. Bai yi ƙarya a kan ƙarfen ba. Abin da bai nuna mini ba shi ne akwai wani na biyu a jikin ƙofa, wanda aka liƙa daga baya lokacin da aka ɗaga nauyinta zuwa 3,850, kuma na bayan shi ne hukuma ta sani. Babbar takardar mota, V5C, ya ce tana wajen lauyan rabon gado, ya miƙo mini ɗan guntun koren nan na sabon mai mota kawai.

Yanzu ga inda dabararsa take, kuma don shi na yi wannan rubutu. Ya tambaye ni ko na taɓa jan mota mai wannan girma, na ce a'a. Wallahi na ga fuskarsa ta saki. Muka zaga unguwar masana'antu na minti goma, ban wuce gudun mil 30 ba. Na ce sitiyarin yana da wasa, ya ce haka manyan motoci suke. Na taka birki na ji tana fizga hagu, ya ce nauyin tankin ruwa ne a wannan ɓangaren, zan saba. Muka hau tudun rage gudu bayanta ya yi ta lilo kamar kwalekwale, ya yi dariya ya ce gida kake ja, ba tasi ba. Amsa ɗaya yake da ita ga kowace tambaya, ni kuma ba ni da abin da zan gwada da shi. Wanda bai taɓa cin tuwon gidan wani ba, ko an ba shi ɗanye sai ya ce haka suke yin nasu. Na tura kuɗi ta banki, sunan asusun ma ba irin wanda ya gaya mini ba ne, ya ce na matarsa ne.

Da na zo biyan harajin hanya sai na ga ya zo da araha fiye da yadda na zata, na ce alhamdulillahi. Ashe arahar alama ce: motar da ta haura 3,500 ana sa ta a rukunin manyan motoci na masu zaman kansu, harajinsu ya fi sauƙi. Takarda tana gaya mini gaskiya, ina mata godiya.

Wajen koyon janta, gaskiya akwai abubuwan da halin girma ne, ba laifin kowa ba. Bayanta ya zarce ƙafafun baya da kusan mita biyu, saboda haka in ka karya kwana dama, wutsiyar sai ta watsa hagu. A gidan mai na fara sanin haka, na kwashe wani turken ƙarfe, fitilar baya ta tarwatse. Wannan laifina ne, na biya ban yi ƙorafi ba. Babu madubin tsakiya, da na gefe kake rayuwa. Tsayinta ya haura mita 3, sai da na rubuta a takarda na manna a gaban sitiyari, don yawancin wuraren ajiye mota masu shinge a sama ba ta shiga. Dole ka fara birki tun daga nesa, ka shiga shataletale a hankali, in ba haka ba tukwane da kofuna su ba ka labari daga baya. Har dokar gudu ta bambanta: motar-gidan da nauyinta ba kaya ya wuce tan 3.05, mil 50 ne iyakarta a hanya mai hannu ɗaya, 60 a mai hannu biyu, 70 a babbar hanya. Haka kuma in tirela ta zo wuce ka, iskarta za ta fara tura ka gefe, sannan ta jawo ka wajenta. Duk wannan ana sabawa.

Abin da ba a sabawa da shi na gamu da shi a kan babbar hanyar M62, a wajen tudun nan da ya fi kowace babbar hanya tsayi a Ingila, mita 372, inda iska ba ta hutawa. Da iyali a ciki, ina kan mil 55, wata tirela ta wuce, motar ta tafi hagu, na dawo da ita, ta zarce dama, ta ƙi tsayawa a layi sai da na yi ta kokawa da sitiyari. Yara suka yi tsit. Maiɗakina tana ta salati, da muka tsaya ta ce, "Abban Sadiƙ, in haka ake hutun, mayar da mu gida." Ni kuwa har lokacin kaina nake zargi, ina cewa hannuna ne bai faɗa ba.

Akwai wani dattijo a masallacinmu, mutumin Zangon Kumasi, ya yi shekaru yana jan bas mai hawa biyu kafin ya yi ritaya. Kawu muke ce masa. Na roƙe shi ya koya mini. Ya zauna a gefena, ba mu yi mil uku ba ya ce in tsaya. Ya sauka, ya zaga baya, ya danna kusurwar motar da ƙarfinsa ya saki, ta yi ta sama da ƙasa. Ya durƙusa ya goge gefen taya da yatsa, baƙin ya biyo hannunsa, tsaga ta bayyana kamar kaushin dunduniya. Ya nuna mini lambobi huɗu a jikin tayar, 2311, ya ce mako na 23 ne na shekarar 2011. Sannan ya miƙe ya ce, "Ɗana, babbar mota nauyi gare ta, ba hauka ba. Wannan ciwo ne. Kai da wane lasin ma kake jan ta?" Shi ya buɗe ƙofa ya nuna mini ƙarfe na biyun.

Jikina ya yi sanyi. Makonni ina yawo da motar da lasin ɗina bai kai ta ba, kuma na gaya wa kamfanin inshora 3,500. In da an tare ni, ko na yi haɗari, ana iya cewa ba ni da inshora gaba ɗaya, wanda mafi ƙarancin hukuncinsa fam 300 ne da makin laifi 6 a lasin. Ga ɗan tasi, wannan maganar tuwon gidansa ce. Daga ranar ban sake jan ta ba. Kawu ne ya kai ta sikelin manyan motoci, bayan an sa shi a inshora da nauyin gaskiya. Ba mutum ba kaya ta auna kilo 3,380. Ko da na nemi a mayar da ita 3,500 a takarda, kilo 120 ne zai rage, ni da maiɗakina kaɗai mun cinye shi, ban da yara, ban da ruwa da tukunyar gas. Af, na manta: gado shida ne, amma kujeru masu bel huɗu ne kacal. Ko wannan ban ƙirga ba a ranar ciniki.

Bakanike ya tabbatar da maganar Kawu, shokozoba na baya sun mutu, birkin gaba ɗaya ya kama. Mai duba ɓangaren ɗaki kuma ya zo da 'yar na'urar auna danshi. Ya ce ƙasa da kashi 15 lafiya ne, in ya haura 30 ruɓa ta fara. Ya dafa ta a kusurwar gadon sama ta nuna 48. Ya ɓamɓare wani sabon falanki da aka manna, ya sa babban yatsa a katakon ciki ya nutse kamar a cikin dafaffen dankali, warin fumfuna ya bugo mu. Nan na gane aikin turare da buɗaɗɗun tagogi. Ya tambaye ni ko na duba tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wanda duba shi kyauta ne a shafin gwamnati, lambar mota kawai ake sawa. Muka duba a wayarsa a tsaye. A wata shekara mil 78,000, shekara biyu bayan nan 36,000. Minti biyu da na kasa kashewa ke nan.

Na kira shi, waya a kashe. Na koma filin, mai gadin ya ce hayar mako biyu ya yi. Na sa lambar wayarsa a intanet, sai ga tsofaffin talla har guda biyar, mota daban, suna daban, gari daban, amma kowacce ta mahaifinsa ce da ya rasu kwanan nan. Mutum ɗaya, uba biyar. Dila ne yake shigar mai sayar da kayan gidansa, kuma da dalili: in ka saya a hannun ɗan kasuwa, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai aibu a ba ka kuɗinka, amma tsakaninka da mutum kawai ba ka da wannan. Yin wannan shigar laifi ne, na kuma kai ƙara wajen hukumar kula da ciniki da 'yan sanda. Bankina ya ce tsarin mayar wa waɗanda aka damfara kuɗi, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Oktoba 2024, bai shafe ni ba, tunda an ba ni mota, rigimar ciniki ce. Kotu kuma tana son suna da adireshin wanda za a kai wa sammaci, ni kuwa rasit ɗin da ke hannuna sunan bogi ne.

Ba zan sa lambarsa a nan ba, yana canza ta, kuma lauya ya ce in bari. Ku riƙe salonsa. Zai ce ta mamaci ce. Zai ce ku haɗu a fili, ba a adireshin da ke kan V5C ba, ita kanta takardar ba za ta samu ba. Zai tambaye ka ko ka saba da babbar mota. In ka ce a'a, to ka tabbata kana tare da wanda ya saba, shi ya ja ta, a kan babbar hanya, ba zagayen unguwa ba. In ya ce inshora ba ta yarda ba, akwai ta kwana ɗaya, ka saya. Ka nemi kowane ƙarfen nauyi da ke jikinta, ka ce a hau sikeli, ka ɗauko mai auna danshi da kuɗinka. Mai gaskiya ba zai ƙi ko ɗaya ba.

Motar tana nan a wani fili ina biyan haya duk wata, an lulluɓe ta da tamfol. Na canza tayoyi da birki, gyaran ruɓar kuwa kuɗin da aka yanka mini ya fi ƙarfina a bana. Na cike takardar likita, ina jiran ranar jarrabawar C1. Tallar da na gani shekaranjiya fara ce mai ratsin shuɗi, wurin kwanan mutum shida, an rubuta ana jan ta da lasin ƙaramar mota. A wannan karon surukinsa ne ya rasu.