Tsagawa ko turarawa: sikatin a bango mai zagaye

Malam, ka ce bangon falonka ya yi zagaye wajen matakala, sau biyu kana buga sikatin, wato katakon da ake bi da shi gindin bango, yana karyewa, shi ne kake tambaya ko a tsattsaga bayan katakon ko a turara shi. Duka biyun na taɓa yi, kuma ni tsagawa zan ce ka bi.

Turarawa ita ce ta fi fitar da aiki mai kyau, ban musa ba. Tururi yana sassauta jikin katako har ya yi laushi, ya lanƙwasu babu tsaga ko ɗaya. Ƙa'idar ita ce awa 1 a cikin tururi ga kowane inci 1 na kauri. Sai dai da ka fito da shi, minti ɗaya ko biyu gare ka ka ɗora shi a kan sifar da ka riga ka yanka, ka matse, ka bar shi kwanaki ya bushe. Ko an kwance ma sai ya ɗan miƙe, don haka sifar sai ta fi bangon lanƙwasa. Ga kuma babbar matsalar: ɗanyen katako tururi yake so. Wanda ya sha hunturu a 'yan katako ya bushe ƙayau, gardama zai yi maka. Maɗaci kam kar ka wahalar da kanka. In kuwa MDF ka saya, wato allon da ake matsewa da garin katako da gam, kumbura zai yi ya lalace.

Tsagawa zarto kawai take bukata. Kana yanka bayan katakon a jere, ka bar kamar milimita 3 a fuska. Inda mutane ke kuskure shi ne tazarar da ke tsakanin yanka da yanka. Ga yadda maigidana ya koya mini: ɗauki guntu, ka yi yanka ɗaya, ka danne gefe guda a kan benci. Daga yankan, auna tsawon da ke tsakanin tsakiyar zagayen da bango, ka sa alama. Ɗaga wurin alamar a hankali har bakin yankan ya haɗe. Gwargwadon yadda ya tashi daga benci, tazararka ke nan. In ka ware su da yawa, fuskar za ta fito gaɓa-gaɓa kamar rake, fenti mai sheƙi kuwa sai ya tona asiri.

Aibin tsagawa ɗaya: haƙoran da yankan ya bari suna bayyana a gefen sama. In fenti za ka shafa, foti da samfefa sun rufe zancen. In banish ne, za a gani, sai ka manna siraran katako uku ko huɗu da gam, ɗaya bisa ɗaya, a jikin bangon kansa.

Ka kuma duba, bangon tudu ya yi ko kwari? A tudu tsagar rufewa take yi, gam ya riƙe ta. A kwari buɗewa take yi, fuskar kaɗai ke ɗauke da nauyin, don haka ka fara hudawa kafin ƙusa, kuma ka buga ta tsakanin yanka biyu.