PhotoScan: manhajar da na kwashe tsofaffin hotunan gidanmu da ita

Duk wanda yake da tsofaffin hotuna a gida kuma yana so ya raba wa 'yan uwa, shawarata ya sauke PhotoScan kafin ya fara ɗauka da kyamarar waya haka kawai. Manhajar Google ce, tun 2016 suka fitar da ita, kyauta ce ba a biyan ko sisi, akwai ta a Android akwai ta a iPhone, kuma aikinta guda ɗaya ne, ta ɗauke maka hoton takarda ta mayar da shi na waya ba tare da wannan ƙyallin da yake ɓata fuskar mutum ba.

Yadda take aiki ba wuya. Za ka shimfiɗa hoton a wuri mai lebur, ka saita waya ka danna sau ɗaya, sai wasu fararen ɗigo guda 4 su fito a kan hoton, sai ka riƙa matsar da wayar a hankali kana kai da'irar tsakiya kan kowane ɗigo har ya cika. Abin da take yi a nan shi ne tana ɗaukar hoton ta ɓangarori daban daban, inda haske ya kashe a wannan sai ta ciko daga wancan, sannan ta yanke gefen da kanta ta miƙe shi idan ya karkace. In ta yanke ba daidai ba akwai wurin da za ka ja kusurwoyin da yatsa ka gyara. A wayar take yin wannan aikin, sai wajen turawa ne data take tafiya.

Mu namu hotunan a adakar Hajiya suke, wasu a albam irin mai ledar nan da take mannewa, wasu a ambulan, wasu kuma tsakanin takardun makaranta. Akwai na baƙi da fari da aka ɗauka a sitidiyo da labule mai zanen bene a baya da tukunyar fure a gefe, akwai na Sallah mu duka an jera mu da sababbin kaya kowa ya ƙame ba mai murmushi saboda mai hoto ya ce kar a motsa, akwai na Yaya babba ranar da aka sa shi firamare a 1976 shekarar da aka fara UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, wandon ya fi ƙarfinsa an ɗaure da igiya, akwai na dawowar Baffa daga aikin Hajji da farin rawani mutane sun yanyame shi a ƙofar gida. Irin masu sheƙin nan na shekarun 1980 da 1990 su ne suka fi wahalar ɗauka da kyamara zalla domin ko taga ko ƙwan lantarki sai ya fito a goshin wani, to a kansu ne na ga amfanin manhajar sosai, har wanda yake cikin firam da gilashi ta ɗauko shi tas ban cire shi ba.

Amma abin da ya sa nake yabonta da gaske ba ƙyallin ba ne, shi ne ba ta taɓa fuskar mutum. Yanzu akwai manhajoji barkatai masu cewa za su gyara maka tsohon hoto su sa masa kala su fito da shi sabo fil, wani ƙanena ya sa hoton kakarmu a cikin ɗaya daga cikinsu ya turo girup ɗin gida yana murna, wallahi da na gani raina bai yi daɗi ba. Billen da yake kumatunta ya ɓace, manhajar ta ɗauka tsagewar takarda ce ta goge, fatar ta yi sumul, idon ya canja, zanen da ta ɗaura da muka san baƙin saƙi ne ya koma wani ja ja. Gwaggo da aka nuna mata cewa ta yi wannan ba Inna ba ce. Kuma gaskiyarta, domin irin waɗannan manhajojin ba dawo da abin da ya ɓace suke ba, ƙirƙira suke daga fuskokin da aka horar da su a kai, to yaran da ba su riski kakar ba idan wannan ne ya yaɗu a wayoyinsu shi za su riƙe a matsayin kamanninta. PhotoScan kuwa yadda hoton yake haka za ta ba ka, da dishi dishinsa da inda gara ta ci da inda danshin damina ya taɓa. Ni na fi son haka nesa ba kusa ba.

Ranar da na fara tura su girup, magana ta ɓarke har dare. Wata ta gane ɗankwalin mahaifiyarta a jikin wata, wani ya tuna ranar da aka ɗauki na Sallah shi ne aka kai mu kallon hawan Daushe aka ɗora shi a wuya, aka shiga musun ko rijiyar da ta fito a bayan hoton ita ce aka cike ko wata ce daban. Kawu da yake Yamai wanda ba ya cika magana sai ga shi da saƙon murya mai tsawo yana lissafo sunayen mutanen layin baya ɗaya bayan ɗaya, har da wanda mu duk mun ɗauka baƙo ne ashe ƙanin kakanmu ne da ya rasu da ƙuruciya. A nan zan roƙi duk mai yin wannan aikin, don Allah ka ɗauki bayan hoton ma. Sau da yawa a nan hatimin sitidiyo yake, ko kwanan wata da biro, ko wani ɗan rubutun ajami, kuma ka zauna da tsofaffin gida su faɗa maka waye wannan waye wancan ka rubuta tun suna nan. A Google Photos, manhajar Google ta ajiye hotuna, akwai wurin rubuta bayani a ƙasan kowane hoto kuma za ka iya canja kwanan watan ya koma ainihin shekarar da aka ɗauka, in ba haka ba hoton 1982 zai zauna a tsakiyar hotunan jiya.

Tana da iyakarta fa. Ba ta kai sikana ta gaske ba wajen fitar da ƙananan abubuwa, don kallo a waya da turawa ta wadatar, amma idan so kake ka wanke babba ka sa a firam, musamman ƙaramin hoto irin na fasfo, gara ka kai shagon da suke da sikana ka ce a yi maka a 600 dpi, wato ma'aunin yadda sikana take fito da hoto dalla dalla. Ba a yi ta don fim ɗin nan na negatif ba, wannan sai wurin masu wankin hoto. Kuma ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, mai albam uku ko huɗu sai ya ware lokaci ya yi haƙuri. Hasken rana a inuwa ya fi, kamar a baranda da hantsi, sannan ka riƙe wayar a miƙe kar ka karkatar da ita lokacin bin ɗigon. Hoton da ba shi da sheƙi kuwa za ka iya kashe cire ƙyallin ka ɗauka bugu ɗaya, ya fi sauri.

Wajen turawa a kula, WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi yadda aka saba, a danna HD ko kuma a tura shi a matsayin fayil. Mu albam ɗin haɗaka muka buɗe a Google Photos kowa yana zuba nasa, sai dai a sani tun 1 ga Yunin 2021 wurin kyauta 15GB ne kuma da Gmail da Drive ake raba shi. Sannan hotunan iyaye mata na ƙuruciya, wasu ba mayafi wasu na biki ne, a tambaye su kafin a fitar da su Facebook, namu dai a girup ɗin gida muka tsayar.

Hoton da ya manne da gilashi ko ledar albam kar a ɓamɓaro shi da ƙarfi, fuskar ce za ta biyo, a ɗauke shi a yadda yake. Na takardar kuma bayan an gama a mayar da su wuri busasshe nesa da ƙasa da bango, kar a ce tunda suna waya shikenan.