Asibitin unguwa a Bronx da alluran shiga makaranta: yadda suke karanta katinmu na gida

Duk iyayen da suka kawo yara jihar New York daga Najeriya ko Nijar ko Gana za su tarar cewa makaranta ba ta barin yaro ya ci gaba da zama a aji sai an nuna shaidar ya karɓi alluran rigakafin da doka ta tanada. Kwana 14 kacal ake bayarwa, ana kuma iya ƙara wa'adin zuwa kwana 30 ga wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa, muddin ya nuna yana ƙoƙarin cika ƙa'idar. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina kan ƙaramin asibitin unguwa da ke kudancin Bronx, a birnin New York, inda na kai 'ya'yana, kuma inda mutanenmu da yawa suke zuwa. Ban ambaci sunansa ba domin irinsa suna da yawa a birnin, kuma dokar da suke bi ɗaya ce.

Abin da ya fi ɗaukaka asibitin nan a idona shi ne yadda suke ɗaukar katin rigakafin da muka zo da shi daga gida da daraja. Nas ɗin da ke kula da yara ba ta ture shi gefe don an cike shi da biro ko don ya tsufa. Tana bin sa layi-layi, tana gwada ranar kowace allura da ranar haihuwar yaro, sannan ta bayyana wadda za a lissafa da wadda ba za a lissafa ba, tare da dalili. Wannan bayani shi ne abin da iyaye suka fi buƙata, domin mafi yawanmu muna zuwa ne da yaƙinin cewa yaranmu sun kammala komai, kuma bisa tsarin gida gaskiya ne sun kammala. Allurar ƙyanda da ake yi a Najeriya a wata 9 ba ta shiga lissafi a nan, saboda ka'idar Amurka ita ce a yi ta bayan yaro ya cika shekara ɗaya, kuma abin da makaranta take nema shi ne MMR sau biyu, wato haɗin ƙyanda da hangum da rubela. Allurar Penta, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14, ana karɓarta a matsayin kariya daga mashaƙo da tarin lala da sarƙewar haƙora, amma a ɓangaren ciwon hanta sai an ƙara guda, domin ta ƙarshe ba ta inganta idan an yi ta kafin yaro ya kai mako 24. Ta ƙarambau kuwa, wadda ba ta cikin jerin alluran kyauta na gida, dole a yi ta sau biyu, sai dai idan likita ya tabbatar a rubuce cewa yaron ya taɓa yin cutar.

Batun shan inna ne ya fi tayar wa iyayenmu hankali, kuma a nan ne na fi yaba wa haƙurin ma'aikatan. Yaron da ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya sha ɗigon rigakafi a baki sau da dama, a asibiti da kuma hannun masu bi gida-gida, don haka uwa takan ji kamar an raina mata wayo idan aka ce a sake. Dalilin shi ne, a watan Afrilun 2016 duniya ta sauya ɗigon da ke kare nau'i uku na ƙwayar cutar zuwa wanda ke kare nau'i biyu, saboda haka hukumomin Amurka ba sa lissafa ɗigon da aka sha daga 1 ga Afrilun 2016 zuwa yau. Allurar IPV, wato rigakafin shan inna na allura ba na ɗigo ba, da aka rubuta a kati ita ce ake ƙirgawa. Wanda ya ga kamar tsaurin ya yi yawa ya tuna cewa a 2022 an sami wani matashi da shan inna ta shanye a gundumar Rockland, arewa da birnin, kuma bai taɓa yin rigakafi ba.

Idan iyaye ba sa son a maimaita allura, asibitin yana ɗibar jini a gwada ko jikin yaro yana da kariya daga ƙyanda, hangum, rubela, ƙarambau da ciwon hanta, kuma makaranta tana karɓar sakamakon. Game da kuɗi, alluran kansu kyauta ne ga yaran da ke kan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko marasa inshora, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na VFC, sannan akwai ma'aikaciyar da ke taimaka wa iyaye su yi wa yara rajistar Child Health Plus, shirin inshorar lafiyar yara na jihar, wanda bai dogara da matsayin takardun zama ba. Wannan hidima kaɗai ta isa a yaba musu.

Sai maganar uzuri, wadda ake yawan raɗe-raɗi a kanta a majalisunmu da bakin masallatai. Har yanzu akwai masu gaya wa sababbin zuwa cewa za su iya rubuta takarda su ce addininsu ya hana, a ƙyale yaransu. Wannan ƙofa ta rufe tun 13 ga Yunin 2019, ranar da Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu kan dokar da ta soke uzurin addini, ana tsaka da annobar ƙyanda da a ƙarshe ta kama mutum 649 a birnin, mafi yawansu a Brooklyn. Dokar ta shafi makarantun gwamnati da na kuɗi da na addini da wuraren renon yara, don haka makarantar Islamiyya mai cikakken karatun boko ma tana ciki. Uzurin ra'ayin kai, irin wanda jihar Kalifoniya ta soke a 2015, dama can New York ba ta amince da shi. Maƙwabtanmu New Jersey da Pennsylvania har yanzu suna karɓar uzurin addini, kuma ina ganin daga nan ne ruɗanin yake tasowa.

Uzurin rashin lafiya kaɗai ya rage, kuma asibitin nan ba ya wasa da shi. Dole likita mai lasisin jihar ya sa hannu, ya ambaci takamaimai allurar da za ta cutar da yaron da dalilin haka, a kuma sabunta takardar duk shekara. A makarantun gwamnatin birnin ma sai likitocin ofishin lafiyar makarantu sun sake duba ta. Dalilan da ake karɓa su ne irin mummunar borin jiki mai barazana ga rai bayan allurar da aka yi a baya, ko raunin garkuwar jiki kamar na yaron da ke jinyar sankara. Mura, ko ɗan zazzaɓin da ya biyo bayan allura, ko tsoron iyaye, ba sa ciki. Likitar yaran tana faɗin haka kai tsaye, ba tare da wulaƙanci ba, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, domin yaron da da gaske ba zai iya karɓar allura ba, lafiyarsa ta rataya ne a kan cewa abokan ajinsa sun karɓa.

Na kuma ji daɗin yadda suka amsa tambayar da ta fi damun Musulmi. Da na tambaya game da sinadarin jelatin, nas ɗin ba ta musa ba. Ta ɗauko takardar da ke cikin kwalin ta nuna mini cewa allurar ƙarambau da ɗaya daga cikin nau'o'in MMR suna ɗauke da shi, kuma asalinsa daga alade ne. Ta ƙara da cewa akwai wata MMR mai suna Priorix, wadda aka amince da ita a Amurka a 2022, da ba ta da shi, kuma ana iya tambayarta. Taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilmin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya yanke cewa jelatin da ya rikiɗe daga asalinsa ya halatta, wato hukuncin istihala. Mu da muka san yadda gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabo a zukata, har ya taimaka wajen ƙauracewar rigakafin shan inna a 2003, mun san cewa faɗin gaskiya irin wannan ne kaɗai ke dawo da amana.

Inda asibitin ya gaza shi ne harshe da jira. Takardun bayani suna nan da Turanci da Sifaniyanci da Faransanci, amma babu na Hausa, kuma tafintan da ake kira ta waya yakan ɗauki lokaci kafin a same shi, har wasu iyaye mata kan haƙura su sa ɗansu ɗan shekara goma ya yi musu fassara, abin da bai kamata ba a maganar lafiya. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba kuwa cunkoso yana yin yawa, ɗakin jira ƙarami ne, kuma ranar dawowa da suke bayarwa takan yi nisa. Shawarata ita ce a je tun watan Yuni ko Yuli, musamman da yake MMR da ta ƙarambau ko dai a yi su rana ɗaya ko a bar kwana 28 tsakaninsu.

Kafin a fita, a tabbata an karɓi takardar da ke nuna ranakun alluran da suka rage, domin yaron da ya karɓi ta farko a kowane jeri kuma yake da ranar dawowa yana da damar ci gaba da zuwa aji. A kuma nemi nas ta shigar da alluran da aka yi a gida cikin rajistar rigakafi ta birnin, wadda iyaye ke iya dubawa a intanet ta shafin My Vaccine Record, don kada a sake neman tsohon katin idan yaro ya sauya makaranta, ko ya kai aji 6 da 7 inda ake buƙatar Tdap, wato allurar ƙarin kariya daga sarƙewar haƙora da mashaƙo da tarin lala, da allurar sanƙarau.