Sharhi: littafin iyalin da suka shekara suna cin abin da aka noma a kusa da su

Jama'a wannan littafin na Barbara Kingsolver mai suna Animal, Vegetable, Miracle ya cancanci a karanta shi, amma fa ba duk abin da ke ciki ne zai yi mana aiki a nan ba. A 2007 ya fito, da Turanci yake, ya haura shafi 300. Ita ce ta rubuta mafi yawa, mijinta Steven Hopp yana saka gajerun bayanai na kimiyya da lissafi a gefe, babbar 'yarta Camille kuma ita ke kawo girke-girke.

Labarin dai shi ne sun tattara sun bar garin Tucson na jihar Arizona, wanda sahara ne kusan komai da mota ake kawo musu, suka koma gona a tsaunukan jihar Virginia, suka yi alƙawarin shekara guda cur ba za su ci komai ba sai abin da suka noma da hannunsu ko suka saya wajen manoman yankin. Kowa aka bar shi ya zaɓi abu ɗaya daga waje, maigidan ya ce kofi, Camille busassun 'ya'yan itace, ƙaramar Lily cakulan na sha, ita uwar kuma kayan ƙamshi na girki. Littafin wata-wata yake tafiya, abin da ƙasa ta bayar a watan shi ake ci.

Inda ya fi kama ni wallahi shi ne maganar talotalo. Ashe talotalon da kamfanoni ke kiwo a Amurka an yi ta tace irinsa don ƙirji ya yi nama har ya kai ba ya iya barbara da kansa, sai mutum ya sa hannu kafin a samu ƙwai mai ɗa. Ita sai ta nemo tsohon iri da ake kira Bourbon Red ta yi ta fama ko za su tuna yadda ake kwanci, kuma a ƙarshe suka ƙyanƙyashe. Ina karantawa ina tuna kajin agirik namu, ka yi kiwo sati shida ko bakwai ka sayar ka sake komawa layin sayen 'yan tsaki, abincinsu saye maganinsu saye, ita kuwa kazar Hausa ta yi tsince-tsincenta a tsakar gida ta yi kwanci ta fito maka da 'ya'yanta ba ka kashe ko sisi ba. Haka irin shuka na aure da ake sayarwa a leda, yana ba da yabanya mai kyau ba musu, amma in ka ajiye ka sake shukawa baɗi ba zai fito yadda yake ba, dole ka koma shago. Wannan babin kaɗai ya sa na daina raina 'yan kajin da ke yawo a gidanmu.

Sai babin tumatir. Su a watan Agusta yake zubo musu, kicin ya cika maƙil, su dafa su ɗura a kwalabe su rufe, wani su busar wani su sa a firiza. Abin da na ɗauka a nan shi ne mai son cin na gida rabin aikinsa adanawa ne ba noma ba. Mu namu a rani ne, wajen Fabrairu zuwa Maris tumatirin Kura da Kadawa yana cika kasuwa kwando ya yi arha har wani ya ruɓe a hannun manomi, damina na tsayawa kuma huɗu biyar a faranti su gagari talaka. Saboda littafin nan na koma yin kauɗa da kaina, a zaɓi jajaye masu tauri a raba biyu, a ɗan barbaɗa gishiri, a baza a kan buhu mai tsabta a sama ba a ƙasa ba, a lulluɓa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, da yamma a kwashe kar raɓa ta taɓa. In ya bushe sosai za ka ji yana ƙaras-ƙaras a hannu, in kuwa da sauran danshi ka ƙulle a leda to fumfuna za ta cinye shi. Launinsa ya fi na kasuwa ja, ba yashi a miya. Kuma ai iyayenmu sun daɗe suna wannan, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, kilishi, duk adana ne, mu ne muka saki muka kama tumatirin leda da dunƙule.

Lissafin da mijin ya kawo shi ma abin dubawa ne, ya ce abincin da ke farantin Ba'amurke a matsakaici yana tafiyar mil 1,500 kafin ya iso, wato kusan kilomita 2,400, kuma duk da mai ake wannan tafiyar. Mu ma mun ɗanɗana, alkamar biredinmu da taliya kusan duk daga waje ake shigo da ita, da Rasha ta shiga Ukraine a 2022 kowa ya ji a kuɗin biredi, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma duk abin da sai ya hau mota ya tashi. Madarar gari, kifin ƙanƙara, duk haka.

Toh yanzu inda ban gamsu ba. Masu karatu da dama sun yi ƙorafin wa'azi ya yi yawa a littafin kuma na yarda da su, akwai shafukan da za ka ji kamar faɗa ake maka don ka sayi ayaba. Amma wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne ita zaɓa ta yi. Gonar dama mijinta ya mallake ta tun da daɗewa, ita kuma shahararriyar marubuciya ce da littattafanta ke kawo kuɗi, in amfani ya lalace kanti na nan. Ta yi lissafin cewa kowane cin abinci ya tsaya musu kusan santi 50, wato rabin dalar Amurka, a kan mutum ɗaya, to ina kuɗin filin, ina ladan wahalar mutum huɗu? Har tana da babi da ta kira watan yunwa, Fabrairu zuwa Maris ƙarshen sanyinsu, amma firiza cike take da nama da kayan lambu kuma wuta ba ta ɗaukewa. Manomin da ke ƙauyen Katsina ko Maraɗi shi ma abin da ya noma yake ci, sai dai watan yunwarsa na gaske ne, Yuli zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, ga aikin gona a gaba, ana hannu baka hannu ƙwarya, wani sai ya ci bashin hatsi ya biya da kaka. Wannan ɓangaren littafin bai taɓo shi yadda ya kamata ba, kuma ya dame ni sosai don mai karatu zai iya ɗauka dogaro da kai duk daɗi ne.

Ni ma da na gwada shuka a buhu a bayan ɗaki, zogale da alayyahu da yakuwa sun yi, attaruhu ya ɗan bayar, amma da zafi ya shigo ruwa ya zama na sayen 'yan garuwa sai da na rage. Ita yankinta ruwan sama wadatacce ne, wannan matsalar a Arizona ta baro ta.

Ga wanda ke haya a birni ba shi da fili, The 100-Mile Diet na Alisa Smith da J.B. MacKinnon ya fi kusa da halinsa, su a birnin Vancouver na Kanada suka yi nasu gwajin a gidan haya, suka yi watanni ba biredi kafin su samu mai noma alkama a kusa.

Turancin Kingsolver yana da ɗan nauyi, akwai salon magana da barkwanci na Amurkawa da sai ka maimaita layi, ga maganar giya a babin tafiyarsu Italiya. Girke-girken kuma yawancinsu kayan haɗin ba a samunsu a kasuwarmu, ni tsallake su na yi. In za ka saya ka nemi na hannu ko ka ara, kuma in lokacinka kaɗan ne ka fara da babin tumatir da na talotalo.