Zanga-zanga ko ƙuri'a, wanne ke taɓa kuɗin haya?

Wallahi na gaji da jin "ai duk ɗaya ne ba zan yi zaɓe ba", alhali mai faɗin hakan shi ne duk shekara mai gida ke ƙara masa haya, ya kwana yana lissafi da albashin da bai kai ko'ina ba.

Zanga-zanga tana da zafi, nan da nan 'yan jarida sun zo gwamnati ta rikice, amma sati biyu kowa ya watse, kwalayen ma an jingine su bayan ƙofa. Ƙuri'a kuma tafiyar hawainiya ce kuma ita ma takan ba da kunya, a Berlin a 2021 sama da rabin masu ƙuri'a suka amince a karɓe gidajen manyan kamfanonin haya amma hukumar birnin ta yi ta jan ƙafa.

Duk da haka ni ƙuri'a na fi yarda da ita. Dubi Ada Colau a Sifen, ta daɗe tana tsayawa a ƙofar gidajen da bankuna ke korar mutane, sai da ta zama magajiyar garin Barcelona a 2015 sannan ta samu ikon cin tarar bankunan da suka bar gidaje a kulle ba kowa.